In Baki Ya Ci, Ido Kan Ji Kunya: Tambaya A Kan Kuɗin Zaɓe A Amurka

A wani ƙaramin gari mai suna Portage, cikin jihar Indiana ta ƙasar Amurka, an yi wani magajin gari da ake kira James Snyder. A shekarar 2013 hukumar garin ta sayi motocin kwashe shara guda biyar daga wani kamfani, a kan kuɗi fiye da dala miliyan 1. Da shekara ta kewayo sai kamfanin ya rubuta wa magajin garin cakin dala 13,000. Shi dai ya ce ladan shawarwarin da ya ba su ne. Gwamnatin tarayya ta ce cin hanci ne, ta gurfanar da shi, kotu kuma ta same shi da laifi. Magana ta yi ta tafiya har Kotun Ƙoli, wadda a watan Yuni na 2024 ta rushe hukuncin da rinjayen alƙalai 6, saura 3 suka ƙi. Hujjarsu ita ce dokar tarayyar da aka kama shi da ita ta hana ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma ya ƙulla ciniki a kan aikinsa kafin ya yi shi, amma ba ta taɓa abin da aka miƙa masa daga baya don godiya ba. Wannan, in ji su, aikin dokokin jihohi ne.

Mai karatu zai ce ai wannan ba kuɗin yaƙin neman zaɓe ba ne, kuma gaskiyarsa. Na fara da shi ne domin ya nuna a fili inda alƙalan Amurka suka ja layi tsakanin abin da ya halatta da wanda ya haramta a mu'amalar mai kuɗi da mai mulki, kuma a kan wannan layin ne dukkan tsarin kuɗin zaɓensu yake zaune. A wurinsu, ɓarna ita ce ciniki: ba ni wannan in yi maka wancan. Duk abin da bai kai ga haka ba, ko godiya, ko sanayya, ko buɗe ƙofa, siyasa ce kawai. Tambayar da nake son mu duba ita ce: shin mutum yana iya karɓar alheri mai yawa daga wani, ba tare da an gindaya masa wani sharaɗi ba, kuma ya ci gaba da zama ɗa mai ikon kansa?

Amurkawa sun daɗe suna kokawa da wannan matsala, tun ma kafin su sami 'yancin kai. A 1758 George Washington, wanda daga baya ya zama shugabansu na farko, ya nemi kujerar majalisar Virginia, wakilinsa ya shayar da masu zaɓe galan fiye da 140 na barasa iri-iri, ya kuwa ci. A 1777 James Madison ya ce shi ba zai yi wannan al'ada ba domin tana zubar da mutuncin zaɓe, sai ya sha kaye a hannun wani mai gidan giya. Wannan ciniki na kai tsaye da mai ƙuri'a ya ja baya ne bayan jihohi sun karɓi ƙuri'ar sirri daga 1888 zuwa gaba, tunda mai saye ba ya iya tabbatar da cewa an ba shi abin da ya biya. Daga nan kuɗi suka canza hanya, suka bar mai zaɓe suka nufi ɗan takara. A zaɓen 1896 wani attajiri, Mark Hanna, ya tara wa William McKinley kimanin dala miliyan 3 da rabi daga bankuna da manyan kamfanoni, yana yanka wa kowa abin da zai bayar kamar mai karɓar haraji. Surutu ya yi yawa, a 1907 aka yi dokar da ta hana kamfanoni ba ɗan takarar tarayya gudummawa. Bayan abin kunyar Watergate da ya kori Nixon daga mulki a 1974, majalisa ta ƙara ɗaure akuyar: mutum ɗaya ba zai ba ɗan takara fiye da dala 1,000 a kowane zaɓe ba, kuma aka ƙayyade yawan abin da shi ɗan takarar zai kashe.

Dokar ba ta cika shekara biyu ba aka kwance mata rabin igiya. A shari'ar Buckley ta 1976 Kotun Ƙoli ta raba abin gida biyu. Ta yarda a ƙayyade abin da mutum zai miƙa wa ɗan takara hannu da hannu, domin nan ne ciniki ke iya shiga. Amma ta ce ba a isa a ƙayyade abin da mutum zai kashe da kansa don yaɗa ra'ayinsa ba, saboda gyaran farko na tsarin mulkinsu ya hana gwamnati tauye 'yancin magana, kuma a zamanin jarida da rediyo da talabijin magana ba ta isa kunnen jama'a sai da kuɗi. Suka yi misali da mutumin da aka ce yana da 'yancin tuƙa motarsa duk inda ya ga dama, amma da tankin mai guda.

A watan Janairu na 2010 aka kai ƙarshen wannan tunani. Wata ƙungiya mai suna Citizens United ta shirya fim na sukar Hillary Clinton, doka ta hana ta nuna shi dab da zaɓen fitar da gwani na 2008, sai ta kai ƙara. Alƙalai 5 suka rinjayi 4, suka ce kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago suna iya kashe ko nawa suke so wajen tallata ɗan takara ko kushe shi, muddin ba su haɗa baki da shi ba. Mai shari'a Anthony Kennedy, wanda ya rubuta hukuncin, ya bayyana cewa neman shiga wurin mai mulki da samun damar ganinsa ba su ne rashawa ba. Bayan wata biyu wata kotun ɗaukaka ƙara ta ɗora a kan wannan, aka haifi ƙungiyoyin da ake kira Super PAC, waɗanda ke karɓar kuɗi ba iyaka. Saboda haka a zaɓen 2024 ba a yarda ka ba ɗan takara fiye da dala 3,300 a hannunsa ba, amma Elon Musk shi kaɗai ya kashe fiye da dala miliyan 250 wajen taya Donald Trump da jam'iyyarsa, kuma bai karya doka ba. Zaɓen 2020 gaba ɗayansa, na shugaba da na majalisa, ya ci sama da dala biliyan 14.

To, kafin in faɗi inda na tsaya, adalci ne in shimfiɗa hujjar waɗannan alƙalai yadda take, domin ba hujjar banza ba ce, kuma mu marubuta ya kamata mu fi kowa jin nauyinta. Wanda ya taɓa rubuta littafi ya ajiye shi a akwati shekara uku don rashin kuɗin ɗab'i ya san cewa maganar da ba a buga ba kusan daidai take da wadda ba a faɗa ba. Da gwamnati za ta ce kowa ya rubuta abin da yake so amma kada ya kashe fiye da kaza wajen bugawa, ai mun san an rufe mana baki ne da dabara. Tarihin Amurka ma ya nuna haka. A 1960 magoya bayan Martin Luther King sun sayi shafi guda a jaridar New York Times suna neman taimako da kuma fallasa zaluncin da ake yi wa baƙar fata a kudu. Wani kwamishinan 'yan sanda na birnin Montgomery ya yi ƙarar ɓata suna, kotun Alabama ta ba shi diyyar dala 500,000, sai Kotun Ƙoli ta rushe a 1964. Talla ce da aka biya kuɗi, amma kuma murya ce ta waɗanda aka danne. Haka nan a 1968, lokacin da Sanata Eugene McCarthy ya fito yana ƙalubalantar shugaba Johnson a kan yaƙin Biyetnam, wasu 'yan tsirarun masu hannu da shuni ne suka ɗauki nauyin tafiyar da manyan kuɗi. Ya sami kashi 42 cikin ɗari a zaɓen fitar da gwani na jihar New Hampshire, kafin watan Maris ya ƙare Johnson ya janye daga takara. Da dokar 1974 tana aiki a lokacin, da wannan gudummawa ta zama laifi, shi ya sa McCarthy da kansa yana cikin waɗanda suka kai ƙarar dokar. Daɗin daɗawa, su wa ke rubuta dokar ƙayyade kuɗi? 'Yan majalisar da ke kan kujera, waɗanda kowa ya riga ya san sunansu. Baƙon ɗan takara shi ke buƙatar kuɗi don a san da shi. Ba wa kura ajiyar nama ke nan.

Akwai kuma wata hujja da masu kare tsarin ke so ƙwarai, wato cewa kuɗi ba sa sayen nasara. Michael Bloomberg ya zubar da fiye da dala biliyan 1 daga aljihunsa a 2020, bai ci ko jiha ɗaya ba, sai ɗan tsibirin Samoa na Amurka. Hillary Clinton ta fi Trump kashe kuɗi nesa ba kusa ba a 2016, ta faɗi. Kamala Harris ta tara fiye da dala biliyan 1 cikin 'yan watanni a 2024, ita ma ta faɗi. Ashe ke nan mai zaɓe ba tunkiya ba ne.

Duk na yarda da waɗannan. Inda na rabu da alƙalan shi ne fahimtarsu ta zuciyar ɗan Adam, kuma a nan zan ba da labarin kaina ko da ba zai ƙara mini daraja ba.

Shekarun baya, ina malamin aji a wata makaranta, akwai wani uba da ke aiko mini da zabi biyu da ƙwaryar shinkafa kowace salla. Mutumin kirki ne, bai taɓa roƙona komai ba, ko sunan ɗansa bai taɓa ambata mini ba. Da aka yi jarrabawar ƙarshen shekara ɗan nasa ya sami maki 38, alhali 40 ake nema. Sai na ga hannuna ya ƙi wucewa. Na sake karanta takardarsa sau uku, na gano wata amsa da na matse shi a kanta, na ƙara masa maki biyu. Har gobe ina iya rantsuwa cewa yaron ya cancanci makin nan. Abin da ba zan iya rantsuwa a kansa ba shi ne wani yaro a ajin, ɗan mai ga-ruwa, da ya sami 39. Ban sake duba takardarsa ba, domin babu abin da ya tsayar da hannuna a kanta. Sai bayan an raba sakamako abin ya faɗo mini. Da za a kai ni gaban mai shari'a Kennedy, wanke ni zai yi tas: ba ciniki, ba alkawari, ba ƙarya a makin da na bayar. Amma yaro ɗaya ya wuce, ɗaya ya maimaita aji, kuma abin da ya raba su zabi ne.

Bahaushe ya tanadi sunaye da yawa ga abin da hannu ke miƙa wa hannu: kyauta, tukuici, gaisuwa, na goro, toshiyar baki, cin hanci. Yawan sunayen shaida ce cewa ya san abin hawa-hawa ne, kuma ya san na farkon yakan rikiɗe ya zama na ƙarshen ba tare da kowa ya furta kalma ba. Shi ya sa ya ce in baki ya ci, ido kan ji kunya. Kunyar nan hali ne mai kyau, ita ce ke sa ɗan halak ya tuna alheri. Matsalar ita ce wanda aka ɗora wa amanar jama'a ba shi da ikon biyan bashin alheri da dukiyar da ba tasa ba, kuma lokacinsa da hankalinsa da kunnensa duk na jama'a ne. Ashe ke nan mafi sauƙin kamawa da kyauta shi ne mutumin kirki. Butulu yana iya cin kuɗinka ya juya maka baya, mai kunya ba zai iya ba.

Mu duba yadda abin yake a majalisar wakilan Amurka. Kujeru 435 ne, kuma kowace shekara biyu ake sake zaɓe. A zaɓukan 2020 da 2022, wanda ya ci kujera ya kashe fiye da dala miliyan 2 a matsakaicin lissafi. In muka raba miliyan 2 da kwanakin shekara biyu, wato 730, za mu ga sai ya samo kusan dala 2,700 kowace rana ta Allah, har da ranar hutu. A 2013 wata takarda ta fito fili wadda kwamitin zaɓe na jam'iyyar Dimokurat ya nuna wa sababbin 'yan majalisarsa, tana ba su shawarar su ware awa huɗu kullum don buga wa masu gudummawa waya. Da yake doka ta hana roƙon kuɗin zaɓe daga ofishin gwamnati, sai su tsallaka titi zuwa ginin jam'iyya, su zauna a 'yan ƙananan ɗakuna da jerin sunaye a gabansu. Wa ake bugawa? Ba direban bas ba, ba mai share asibiti ba. Wanda zai iya rubuta cakin dala dubu bai ji a jikinsa ba. Mutumin da ya shekara goma yana sauraron koke-koken masu arziki awa huɗu a rana, ko da waliyyi ne, zai wayi gari damuwarsu ta zama ita ce damuwar da ya fi sani. Ba wanda ya saye shi. Zama da maɗaukin kanwa ne ya kawo farin kai.

Wannan kuma shi ne amsar misalin Bloomberg. Gaskiya ne mai kuɗi ba ya iya tilasta wa jama'a su zaɓe shi. Amma kafin jama'a su ga sunaye a takardar ƙuri'a, an riga an yi wani zaɓen a ɓoye, inda duk wanda bai iya shawo kan masu bayarwa ba ya janye tun ba a ji ɗuriyarsa ba. Talaka yana da cikakken 'yancin zaɓar abin da ya ga dama daga cikin abin da aka girka, sai dai ba a shawarce shi a cefane ba. A 2014 malaman jami'a biyu, Martin Gilens da Benjamin Page, sun bi diddigin batutuwa 1,779 da aka tambayi ra'ayin Amurkawa a kansu, suka ga cewa abin da masu hali da ƙungiyoyin 'yan kasuwa ke so yana da tasiri a kan abin da gwamnati ke zartarwa, na matsakaicin mutum kuwa tasirinsa kaɗan ne ƙwarai in an ware shi shi kaɗai. Wasu masana sun soki binciken da cewa sau da yawa ra'ayin ɓangarorin biyu ɗaya ne, don haka matsakaici yakan sami abin da yake so. Sukar tana da ƙarfi, amma ni ba ta kwantar mini da hankali ba. Yaron gida ma yakan ci irin abincin da maigida ke so.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Kotun Ƙolin da kanta ta san da wannan kunya, in dai a kan alƙali ake magana. A jihohi da dama na Amurka zaɓen alƙalai ake yi da ƙuri'a. A 2002 wata kotu a West Virginia ta ci wani kamfanin haƙar kwal mai suna Massey diyyar dala miliyan 50. Kafin ƙarar ta isa babbar kotun jihar, shugaban kamfanin, Don Blankenship, ya kashe kimanin dala miliyan 3 a zaɓen 2004 don ganin wani lauya, Brent Benjamin, ya hau kujerar alƙali a wannan kotu. Ya kuwa hau. Da shari'ar ta zo aka roƙe shi ya janye, ya ƙi, yana cewa babu abin da ke tsakaninsa da mutumin, kuma da ƙuri'arsa aka rushe diyyar, 3 da 2. A watan Yuni na 2009 Kotun Ƙoli ta ce lallai ya kamata ya janye, domin ko ba a nuna wani ciniki ba, hatsarin ya ji ana binsa bashin alheri ya yi yawa. Wanda ya rubuta wannan hukunci shi ne Kennedy ɗin dai, wata bakwai kafin ya rubuta na Citizens United. Ya bambance su da cewa alƙali dole ya zama ɗan ba-ruwanmu, shi kuwa wakili aikinsa ne ya karkata ga magoya bayansa, kuma sa alƙali ya janye daban yake da hana mutum magana. Kashi na biyu na amsar na karɓa. Na farkon ne ya tsaya mini a wuya. Wakili ya karkata ga waɗanda suka zaɓe shi, wannan shi ne dimokuraɗiyya, domin kowa ƙuri'a ɗaya gare shi. Ya karkata gwargwadon abin da aka kashe masa kuwa, wannan ma'auni ne na kasuwa, inda mai buhu ya fi mai mudu.

Shin akwai hanyar da za a bar mai kuɗi ya yi maganarsa, amma a rage kunyar da ke ɗaure wakili? Amurkawa sun gwada. Daga 1976 gwamnati ta riƙa ba 'yan takarar shugaban ƙasa kuɗin kamfe daga baitulmali, da sharaɗin su tsaya a kansu, kuma da wannan tsari Carter da Reagan suka ci zaɓe. Obama ne ya fara ƙin karɓa a babban zaɓe a 2008, da ya ga zai tara ninkin-ba-ninkin dala miliyan 84 da John McCain ya karɓa, kuma tun daga nan babu ɗan takarar babbar jam'iyya da ya sake karɓa a babban zaɓe. Birnin Seattle ya bi wata hanya daban: daga 2017 ya fara aika wa masu zaɓe takardu huɗu, kowace ta dala 25, su ba ɗan takarar birni da suke so. Dabarar ita ce maimakon a rufe bakin mai buhu, a ba mai mudu abin da zai sa a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ɗan takara zai ci gaba da jin kunya, sai dai kunyar ta watsu a kan mutane dubu maimakon goma. Ban ce wannan ya warkar da ciwon ba, domin dala 100 ba ta tsayawa gaban miliyan 250, kuma abin da ya yi aiki a birni guda ba lalle ya ɗauki ƙasa mai mutum fiye da miliyan 330 ba.

Akwai kuma tallafin ƙananan masu bayarwa ta intanet, wanda Bernie Sanders ya yi suna da shi a 2016, yana alfahari da cewa matsakaicin abin da ake ba shi dala 27 ne. Mutane da yawa sun ɗauka magani ya samu. Amma wanda ke neman dala 27 daga mutum miliyan sai ya motsa zuciyar miliyan ɗin kullum, kuma babu abin da ke buɗe aljihu da sauri kamar fushi da tsoro. Shi ya sa saƙonnin roƙon kuɗi na jam'iyyun biyu suka cika da cewa ƙasa za ta rushe gobe in ba ka aiko yau ba, kuma 'yan majalisar da suka fi iya tada jijiyar wuya a talabijin sukan fi masu aikin kwamiti shiru-shiru tara irin waɗannan kuɗi. Wancan wakilin yana jin kunyar attajiri, wannan yana jin tsoron taron da shi da kansa ya hura wa wuta.

Ni dai tun daga shekarar nan na roƙi uban yaron ya daina aiko da zabi, ya ji haushi ƙwarai, har ya tambaye ni laifin da ya yi mini. Na rasa amsar da zan ba shi, domin bai yi laifin komai ba. Abin da na koma yi shi ne duk takardar da ta faɗa tsakanin 37 da 39 sai na sake karanta ta, bayan na naɗe wurin sunan.